Ƙarfen da ke bakin bindiga: salansa ce ko me?

Tambaya: Salamu alaikum, Baba. Na lura wasu bindigogin AK da jami'an tsaro ke riƙewa a shingen hanya bakinsu a karkace yake, kamar an feƙe alƙalami. Manyan bindigogi kuma da nake gani a bidiyo, har da igwa, suna da wani ƙulli mai tagogi a baki. Wani abokina ya ce salansa ce, wani ya ce gudu take ƙara wa harsashi. Wa ya fi gaskiya a cikinsu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Abokan naka duka biyun sun yi kuskure, amma na farkon ya fi nisa da gaskiya, domin abin da ka gani kishiyar salansa ne, ƙara wa kunne azaba yake yi. Gudu kuwa ko taku ɗaya ba ya ƙara wa harsashi, don lokacin da zai fara aikinsa harsashin ya riga ya yi sallama da bututu. An sa shi ne saboda abu biyu: ya rage shurin da bindiga ke yi wa kafaɗa, ya kuma hana bakinta ɗagawa sama bayan harbi. Na yi shekaru tsakanin ɗakin gyaran makamai da filin koyar da harbi kafin in ajiye aiki, kuma wannan tambaya taka kusan duk kurtu mai ido sai ya yi ta.

Sai ka fara sanin daga ina shurin yake zuwa, in ba haka ba sauran bayanin zai zame maka tatsuniya. Idan ka taɓa tsallakawa daga kwalekwale zuwa gaɓa, ka san yadda jirgin ke zamewa baya a daidai lokacin da kai ka yi gaba. Abin da ka tura, shi ma ya tura ka, kuma daidai wa daida. Wannan ita ce dokar Newton ta uku da ake karantarwa a sakandare. Bindiga ta tura harsashi gaba, harsashi ya tura bindiga baya. Yawancin mutane a nan iliminsu ya tsaya. Amma ba harsashi kaɗai ke fita ta baki ba. Albarushin da ya ƙone ba ɓacewa yake yi ba, rikiɗa yake yi ya zama iska mai zafi, nauyinsa yana nan yadda yake, kuma da harsashi ya buɗe mata ƙofa sai ta fito da gudun da ya fi nasa. Ita ma tana tura bindiga baya, kamar yadda roka ke tashi.

Hujjar wannan tana fadar sarki, ba sai ka je bariki ba. Dubi 'yan bindiga ranar hawan sallah. Albarushi suke ɗurawa, babu harsashi, amma ka ga yadda bindigar ke fizgar hannu in ta tashi, har mai riƙe da ita sai ya kafa ƙafa. Yawancin wannan fizgar ta iska ce da hayaƙi.

Bari in sa maka lissafi kaɗan, ba mai wuya ba. Ɗauki harsashin 7.62×51 (faɗin baki da tsawon kwanso ke nan a milimita) wanda bindigogin soja na FN da G3 ke ci. Kan harsashin giram tara da rabi ne, yana fita da gudun mita 840 a sakan ko kusa da haka. In ka ninka nauyi da gudu, za ka samu kamar dubu 8, mu ce 8 a taƙaice. Albarushin da ke cikin kwanso giram 3 ne kawai, amma iskarsa tana fita da gudun da ake ƙiyastawa wajen mita 1,400 a sakan, wannan ya ba ka 4 da ɗan wani abu. Jimla 12. Ka ga ke nan kashi ɗaya cikin uku na abin da ya doki kafaɗarka ba na harsashi ba ne, na iska ne. Kason harsashi ba yadda za ka yi da shi, sai dai ka ƙara wa bindiga nauyi ko ka sa mata abin da zai shimfiɗa dukan ya zo a hankali. Kason iska kuwa ana iya yi masa dabara. Duk wani ƙarfe da ka gani a bakin bindiga irin wanda ka tambaya, a kan wannan kason yake ciniki, ba shi da wani jari sai shi.

Mai tagogin nan birki ake ce masa, birkin baki. A cikinsa akwai katanga ɗaya ko biyu ko fiye, kowace da rami a tsakiya wanda ya ɗan fi harsashi faɗi. Harsashi ya wuce ta ramin bai taɓa komai ba. Iskar da ke binsa kuwa da ta bar bututu sai ta baje, ba za ta iya bi ta ramin duka ba, sai ta daki katanga ta fice ta tagogin gefe. A nan riba biyu ake ci. Iskar da ta fita gefe ba ta ƙara tura bindiga baya ba, don ta dama da ta hagu sun kashe juna. Sannan dukan da ta yi wa katanga ja ne zuwa gaba, yana fizgar bindigar daga kafaɗarka. In aka karkata tagogin suka ɗan kalli baya, jan ya fi ƙarfi. Wanda ya taɓa shiga jirgin sama ya san rurin nan da inji ke yi da zarar taya ta taɓa ƙasa. Iskar inji ce ake juyawa ta koma gaba don jirgi ya rage gudu. Tunanin ɗaya ne.

Wani abu da ba kowa ke lura da shi ba shi ne zafin dukan ba ya tafiya kai da kai da wancan lissafi, ninkinsa a kansa yake bi. In birki ya sauko da 12 zuwa 9, ba rubu'i ka rage ba. 12 sau 12 ya ba ka 144, 9 sau 9 ya ba ka 81. Kusan rabin zafin ya tafi. Shi ya sa mutumin da ya saba da bindiga mai ƙarfi, ranar da ya fara harba ta da birki mai kyau, za ka ga ya ɗago kai yana duba ta kamar an sauya masa ita. A kan manyan bindigogi masu cin albarushi da yawa, rage kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi na shuri abu ne da aka saba gani.

Ɗagin baki kuwa wata matsala ce daban, ko da yake uwarsu ɗaya. Dubi bindiga daga gefe. Bututu yana sama, wurin da gindinta ya tokare kafaɗa yana ƙasa da shi. Turin yana zuwa ta layin bututu, tokarin yana ƙasa, dole bindiga ta juya a kan kafaɗa, baki ya yi sama. Tura kujera ta saman makarinta alhali ƙafafunta sun kafe a ƙasa ka gani, kifewa za ta yi, ba zamewa ba. In harbi ɗaya ne, wannan ba wani abin damuwa ba ne, sai ka dawo da saiti. Amma AK in aka sake mata linzami harsashi 600 take fitarwa a minti, wato goma a sakan. Na farko ya tafi inda ka saita, na biyu ya tashi kafin baki ya dawo, na uku ya tarar da bakin ya ƙara hawa. Kafin na biyar, tsuntsaye kake yi wa barazana. Ga mai harbi da dama kuma ba sama kawai take yi ba, sama da dama take yi, saboda jikin mutum yana murɗawa ta ɓangaren da aka doka.

To wannan feƙaƙƙen alƙalami da ka gani maganin wannan ne. AK-47 ta asali, wadda Tarayyar Sobiyat ta karɓa a 1949, ba ta da shi, ɗan zobe ne kawai a bakinta. A 1959 aka fito da AKM, wadda ta fi ta rashin nauyi da sauƙin ƙira, daga baya a shekarun 1960 aka ƙara mata wannan ɗan ƙarfe. Leɓensa na ƙasa ya fi tsawo, kuma ba a tsaye sak yake ba, an ɗan murɗa shi. Iska ta fito ta daki leɓen, ta tsere sama da dama, ita kuma bindiga a danna ta ƙasa da hagu, daidai kishiyar inda take son zuwa. Ba ya rage shuri wani abin kirki, ba don haka aka yi shi ba. Irinsa ake kira kwamfanseta, ni kuwa madanni nake ce wa yarana, don danne baki shi ne aikinsa. A ganina cikin duk abubuwan da aka taɓa ɗaura wa bakin bindiga babu wanda ya kai shi wayo in aka auna da kuɗinsa: guntun ƙarfe da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, babu abin da ke motsi a cikinsa, babu abin da zai lalace. Aibinsa ɗaya, an yi shi ne don mai dama. Bahago in ya harba, gyaran da ake yi masa ta gefe ba nasa ba ne. Kuma ba kowace AK za ka gan shi a kanta ba, don ƙasashe da yawa sun ƙera tasu, kowa da yadda ya ga dama.

Ba Rashawa suka fara ba. A Amurka, wani hafsa mai suna Richard Cutts ya ƙirƙiro madanni mai tsage-tsage a sama, aka fara sa shi a bindigar Thompson a 1926. Abin da ya faru da shi daga baya yana da daɗin ji. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi aka buƙaci bindigogi da yawa cikin gaggawa da araha, samfurin da aka fitar a 1942 sai aka cire shi gaba ɗaya, sojoji kuma suka ci gaba da yaƙinsu. Dalili a fili yake in ka koma lissafinmu: Thompson harsashin ƙaramar bindiga take ci, kansa mai nauyi, albarushinsa kaɗan, ga ta ita kanta da nauyi. Iskar da madannin zai yi aiki da ita ba ta taka kara ta karya ba.

Rashawa kuwa da suka sauya harsashi a 1974 suka fito da AK-74, sai suka yi abin da ya fi. Harsashin 5.45 ne, kansa bai kai giram uku da rabi ba, yana gudun mita 900 a sakan. Ƙaramin kai, albarushi mai ɗan dama, wato kason iska ya ƙaru. Suka ɗaura mata dogon ƙarfe mai ɗaki a ciki inda iska ke fara bajewa, da 'yan ramuka da ke danne baki, da manyan tagogi biyu a gefe da ke aikin birki. Ya haɗa aikin biyu ke nan. Bindigar tana zama lafiya lau a kafaɗa ko ana ɓarin wuta, amma wanda ke kwance kusa da mai harbin ba ya sa masa albarka.

Amurkawa ta wata hanya suka bi. Eugene Stoner, wanda ya zana bindigar da ta zama M16, ya miƙar da gindinta ya zama layi ɗaya da bututu, ya ɗaga abin saiti sama don ido ya samu. Tunda turi da tokari sun hau layi ɗaya, dalilin ɗagawar ya ragu tun daga tushe. Abin da ke bakin M16 kuwa, mai kama da kejin tsuntsu, asalinsa na ɓoye walƙiya ne, yana wargaza iskar mai zafi don kada ta kama da wuta ta kashe wa mai harbi ido da dare ko ta tona inda yake. Wannan iri na uku ke nan, kuma mutane suna yawan rikita shi da birki. A samfurin M16A2 na shekarun 1980 aka toshe tsagar ƙasa, don kada ya tayar da ƙura in mutum yana kwance, sai ya zama yana ɗan danne baki ma.

Ƙananan bindigogi na hannu ba zan daɗe a kansu ba. Harsashin 9 milimita kansa giram 8 ne, albarushinsa bai kai rabin giram ba, kason iska bai kai ɗaya cikin goma ba. Abin da ake samu a nan danne baki ne, ba rage shuri ba. Wasu ma ba sa ɗaura komai, ramuka ake hudawa a saman bututun tun daga masana'anta, kamar samfuran Glock masu harafin C a ƙarshen lamba. Masu gasar harbi, waɗanda ke neman rabin sakan, su ne suka fi amfana, kuma suna zaɓar harsashi mai yawan albarushi da gangan don madannin ya samu abin ci.

Inda birki ya zama dole, ba ado ba, shi ne manyan. Bindigar Barrett M82, wadda Ronnie Barrett ya ƙera a jihar Tenesi a farkon shekarun 1980, tana cin harsashin 12.7, irin na babbar bindiga mai jigida da ake girkawa a kan mota. Kansa ya haura giram 40, albarushinsa wajen giram 15. Ko da nauyinta na kilo 14, in ba don ƙaton birkin nan mai kama da kan kibiya ba, da kuma bututun da ke ja da baya a kan sifirin, ba mai harba ta sau goma ya kwana lafiya. Da su kuwa, masu harba ta suna kwatanta shurinta da na bindigar farauta mai lamba 12. Tun kafin ita, bindigogin fasa tanka na yaƙin duniya, Boys ta Ingila da PTRD ta Rasha, duk da birki suka fito.

A igwa kuma ba kafaɗa ake ji wa tausayi ba, amalanken da ke ɗauke da ita ake ji wa. Duk shurin da birki ya cinye, nauyi ne da aka sauke wa ƙafafu da tayoyi da motar da za ta ja. Igwar ZiS-3 ta Sobiyat mai faɗin baki milimita 76, wadda aka fara aiki da ita a 1942, birki ne ya ba da damar ɗora ta a kan amalanke mara nauyi na wata igwa da ta fi ta ƙanƙanta, aka ƙera fiye da 100,000. D-30 mai milimita 122 ita ma da babban birki take, har ma ta baki ake jan ta, ƙugiyar jan tana ƙarƙashinsa. To me ya sa tankokin zamani irin su T-72 da Abrams ba su da shi? Na ɗaya, tanka tana da nauyin tan arba'in ko sittin da zai shanye shurin. Na biyu, harsashin fasa sulke na yanzu siririyar kibiya ce da ke fitowa cikin riga, rigar tana rabuwa ta faɗi da zarar ta bar baki, birki kuma yana iya yi wa wannan rabuwa cikas. Na uku, ƙura, wadda ke rufe wa mai saiti ido. Kumburin nan da kake gani a tsakiyar bututun tanka ba birki ba ne, na zuƙe hayaƙi ne don kada ya koma ciki ya shaƙe ma'aikata.

Yanzu sai kuɗin da ake biya, don kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Birki ba ya kashe ƙarfin iska, juya masa hanya kawai yake yi. Abin da da zai yi gaba ya bar ka, yanzu ya yo gefe da baya, wurinka da wurin maƙwabcinka. Ƙarar bindigar soja ko ba birki tana kai desibel 160 a ma'aunin ƙarfin sauti, alhali masana lafiyar kunne sun sa iyaka a 140 ga ƙara mai zuwa farat ɗaya. Birki yana iya ƙara 5 zuwa 10 a wurin kunnen mai harbi. Kada ƙanƙantar lambar ta ruɗe ka, ma'aunin ba irin na mudu ba ne: ƙarin 3 ninki biyu ne na ƙarfin ƙarar, ƙarin 10 ninki goma. Kuma ba kunne kaɗai ba, wanda ke gefe yana jin bugun a fuska da ƙirji kamar an mare shi da faifai. Shi ya sa masu yi wa baƙi jagorar farautar manyan namun daji a kudanci da gabashin Afirka da yawansu ba sa son ganin baƙo da birki, don su da masu bin sawu ne ke tsaye a gefensa, ba toshi a kunne. Ni kaina kunnena na hagu ya yi nauyi, yana kuma yi mini kukan gyare dare da rana. Na hagu ne ke fara tafiya ga mai harbi da dama, don shi ne ke fuskantar bakin bindiga, na dama kai ya kāre shi. A zamaninmu ana ganin sa toshin kunne ragwanci ne, mu kuma muka yarda.

Sai ƙura. A ƙasa mai rairayi irin ta arewacin Borno ko Damagaram da rani, mutum ya kwanta ya harba bindiga mai birki, gajimaren ƙura ne zai tashi dama da hagu. Ya rufe masa ido, ya cika masa baki, ya kuma nuna wa kowa inda yake. Da dare kuma yawancin birki suna ƙara walƙiya ta gefe. Wannan ya sa rundunoni da yawa suka zaɓi mai ɓoye walƙiya a kan bindigar soja ta yau da kullum, suka bar birki ga manyan da ba makawa.

Abokinka mai cewa salansa, ka gaya masa akwai inda zancensa ya ɗan taɓa gaskiya. Salansa, wadda Hiram Percy Maxim ya yi wa rajista a Amurka a 1909, ita ma katangu ne a jere, sai dai an rufe su cikin gwangwani. Iska ta shiga ta huce ta fito a hankali, kamar dai salansar mota. Saboda haka ita ma tana rage shuri, ko da yake yawanci ba ta kai birki mai kyau ba. Kuma ba ta mai da harbi raɗa kamar yadda ake nunawa a fim, ƙarar tana nan, an dai rage mata kaifi. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce: in ka ga tagogi a buɗe, ba salansa ba ce.

Na biyun kuwa, mai zancen gudu, ina jin abin da ya ruɗe shi shi ne ya ji an ce bindiga mai birki ta fi samun abin hari. Ta fi, amma ba don ta canza harsashi ba, mutumin ta canza. Wanda ya san duka na zuwa yana runtse ido ya ƙanƙame kafaɗa kafin ya ja kunama, wannan ɗan motsi shi ke kai harsashi daji. Da shuri ya ragu sai tsoron ya ragu. Kuma tunda bindigar ba ta yi tsalle sosai ba, yana iya ganin inda harsashinsa ya sauka ta cikin madubin saiti ya gyara na biyu. Bututun da aka huda ma ɗan gudu yake ragewa, ba ƙari ba. Sannan duk ƙarfen da aka ɗaura ko aka cire a baki yana sauya yadda bututu ke girgiza, don haka sai an sake saita bindigar daga farko.

Mafarautanmu wani lokaci sukan tambaye ni ko wannan zai yi musu amfani a bindigarsu mai baki ɗaya ko biyu. Amsata a'a ce. Bindigar farauta mai lamba 12 tana jefa ƙwayoyin darma wajen giram 32 da albarushin da bai wuce giram biyu ba, kuma kafin iskar ta kai bakin dogon bututun nan ƙarfinta ya faɗi. Shurinta kusan duk na darma ne, birki ba shi da abin kamawa. Roba mai kauri a gindi da kyakkyawan riƙo sun fi shi amfani nesa ba kusa ba. Na taɓa ganin bindigar da aka kai wa mai walda ya liƙa mata wani abu a baki, ramin bai daidaita da bututu ba, harbin farko ya tafi da ƙarfen da ɓangaren bakin, Allah ya kiyaye ba kowa a gefe. Garin neman gira ake rasa ido. Balle ma dokar makamai ta Najeriya, wadda ke nan tun 1959, ta haramta wa farar hula bindigogin soja irin waɗanda muka yi ta ambato, ta farauta sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, ta toka ma sai da izinin kwamishinan 'yan sandan jiha. Kai dai in ka sake wucewa ta shingen, kalli bakin daga inda kake zaune a mota, za ka ga dogon leɓen yana ƙasa, ya ɗan karkata zuwa hagun mai riƙe da ita.